Durƙuson Abdulrasheed a Cocin Liwan

Ni na fara ganin wannan soyayya, tun su kansu ba su san sun kamu ba. Duk wanda yake yawo a unguwar Xiaobei yanzu yana cewa shi ma ya hango, ƙarya yake yi. Ni ne Shitu, shekarata ashirin da uku a birnin Guangzhou na ƙasar China. Ban taɓa zama a aji ba. Amma kwantenata ta nutse a teku ban mutu ba, shekarar korona na rasa masauki na yi mako biyu a ƙarƙashin gada, na kuma tashi da ƙafata. Wanda ya ga wannan, kallon saurayi da budurwa ba ya ɓoye masa.

Ranar wata Talata ina zaune a ofishin Alhaji Issa ɗan Maraɗi a titin Huanshi Lu, inda yake tura shadda da atamfa gida. 'Yarsa Saffana ce ke riƙe masa wurin. Sai wani dogon saurayi ya yi sallama da Hausar Kano, hannuwansa baƙi ƙirin kamar na bakanike.

"Don Allah kuna da farar takarda mai faɗi, irin wadda kuke naɗe shadda?"

Saffana ta kalli hannun, ta ce, "Meiyo," wato babu, kamar yadda masu shago a nan ke sallamar mu.

"Ga ta can a bayanki, laoban," in ji shi, yadda ake kiran mai shago a nan.

"Wannan ta masu tsabtar hannu ce."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, ta ja mayafinta ta rufe baki. Ta miƙo takardar, ya kama wancan gefen, suka tsaya haka babu wanda ya saki. Na ce a raina, shi ke nan.

Sunansa Abdulrasheed, ɗalibin tarihi a jami'a. Da ta tambaye shi me ya ɓata masa hannu, sai ya ja kujera.

Ya ce a wani ƙauye a Ingila akwai tsohon coci na dutse, ya kusa shekara ɗari takwas. A bangonsa akwai allon katako, an jera sunan kowane limami da ya taɓa riƙe shi, da shekarun da ya yi. Akwai wanda ya yi shekara hamsin da biyu. Akwai wanda aka kora lokacin yaƙin basasarsu, ya dawo da furfura ya karɓi makullinsa. Akwai kuma ɗaya da ya hau jirgin ruwa zuwa nan garin, bai koma ba, ba a san inda ya ƙare ba. Wata tsohuwa 'yar ƙauyen tana rubuta tarihin cocin, ta aiko wa malaminsa wasiƙa, malamin ya ɗora masa aikin.

"Ka same shi?" in ji Saffana.

"Na samu dutsen da aka sa don tunawa da shi, a daɓen wani tsohon coci da Turawan Ingila suka gina a unguwar Liwan. Amma ƙafafu sun cinye rubutun, hoto ba ya nuna komai. Sai an shimfiɗa takarda a kai, an durƙusa, ana gogawa da baƙin kaki, haruffan su fito farare. Layi ɗaya sai ya cinye min yini."

"To Allah ya taimaka, malamin matattu."

Sunan ya bi shi. Takarda kuwa kullum sai ta ƙare masa, har na ce, "Yaro, ko cinye ta kake yi?"

Saƙonninsu ba leƙe na yi ba, ita ta karanta min daga baya da bakinta. Ya rubuta:

"Laoban ɗina, yau shekarar rasuwarsa ta fito. Da na ɗago ina murna sai na ga babu wanda nake so na faɗa wa sai ke."

Ta amsa:

"Malamin matattu, ka riƙa tunawa da masu rai. Ka ci abinci? In ba ka ci ba kada ka ƙara kira na."

Wata biyar ana haka, manyansa a Kano suka kira Alhaji Issa a waya. Bai ƙi ba, ya ce zai yi bincike.

To akwai Abdoulaziz, ɗan abokin Alhaji, mai lodin babura a tashar jirgin ruwa ta Huangpu, wanda ya daɗe da sa rai da auren Saffana. Ya bi Abdulrasheed wata Asabar har Liwan. Kafin la'asar hoto ya shiga guruf ɗin 'yan kasuwarmu na waya: ga Abdulrasheed gwiwa biyu a ƙasa, kai a sunkuye, gicciye a samansa. Takardar ba ta fito ba, bencin cocin ya tare ta. A ƙasa aka rubuta, "Surukin Alhaji a wurin ibada."

Mutanenmu sun san sayen kaya, sun san lodi, amma wa ya taɓa jin ana durƙusa wa rubutu? Washegari a masallaci wanda ke kusa da shi a sahu ya matsa gefe.

Alhaji Issa ya dawo ofis fuskarsa a murtuke. Ina nan zaune.

"Bon, maganar nan ta mutu," ya ce wa 'yarsa. "Ɗiyata ba ta auren mai durƙusa ma gicciye. Ƙarshen wata ki koma Maraɗi wurin uwarki."

"Baba, aikin lekkol ɗinsa ne, na jami'a. Ka je ka gani da idonka."

"Ni in shiga coci?"

"Maraɗi zan tafi in ka ce in tafi, ban taɓa saɓa maka ba. Amma ka ce za ka yi bincike, kuma hoton Abdoulaziz ba bincike ba ne. In an ɗora mini aurensa, a gaban liman zan ce ban yarda ba."

Ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Shi kuwa yaron ya aiko mata:

"Saffana, in kin ce na bar aikin nan, yau zan bari. Ba na so ki rasa gidanku saboda ni."

Ta amsa:

"Kada ka kuskura. In ka bari za su ce da gaske ne. Ka gama layinka na ƙarshe, masoyina, ni ba na tsoron kowa."

Da na ji haka sai na ce ba za a bar yarinya ita kaɗai tana faɗan maza ba. Asabar na sa babbar rigata ta Juma'a, na hau jirgin ƙasa zuwa Liwan. Wani tsoho ɗan China mai riƙe da makulli ya buɗe min, na gaishe shi da nihao, na yi bismillah na shiga. Babu kowa sai benci da ƙura da Abdulrasheed.

"Baba Shitu, me ya kawo ka?"

"Ba ni kakin nan."

Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara. Na goga, na goga, sai ga harafi ya fito fari tas a ƙarƙashin hannuna, ni da ban taɓa rubuta boko ba. Na ce ya nemo min inda aka tsaya aka ɗauki wancan hoton. Muka gwada daga ƙofa, bai yi ba. Daga taga, bai yi ba. Sai a benci na uku, can ciki. Daga nan ya ɗauke ni hoto biyu, ɗaya benci ya tare takardar, ɗaya kuma tana fili.

Na tura su guruf, na bi su da saƙon murya:

"Salamu alaikum. Shitu ne. Ga ni durƙushe a inda yaron ya durƙusa. Wanda zai ce na bar Musulunci ya faɗa da sunansa, kada ya ɓuya. Kai kuma Abdoulaziz, daga benci na uku ka ɗauki naka. Me ka shiga yi? Kuma da ka ga takardar, me ya sa ka tare ta?"

Can sai aka ga Abdoulaziz ya fita daga guruf ɗin.

Alhaji Issa dai sai bayan kwana uku ya aika a kira yaron ya zo da takardarsa. Aka shimfiɗa ta a kan dilar shadda. Abdulrasheed ya karanta, yana fassarawa: sunan mutumin, da ƙauyensu, da cewa zazzaɓi ya kashe shi yana da shekara talatin da huɗu, nesa da danginsa.

"Mi za su yi da ita?" in ji Alhaji.

"Za su rataye ta kusa da allon, Baba. Fiye da shekara ɗari da hamsin ba su san inda yake ba."

Alhaji ya daɗe yana kallon fararen haruffan. Ya ce, "Ƙanena Tankari a nan ya rasu, shekara tara ke nan. Yana maƙabartar Musulmi, mun sa mashi dutse da sunansa. Innarmu ta tsufa, idonta ba ya ganin hoton waya, kullum tana tambayata ko an rubuta sunan daidai. Kana iya yi mata irin wannan? Babba, yadda za ta riƙe a hannunta?"

"Gobe, in Allah ya kai mu."

"Dakwar, na yarda. Tare za mu tafi." Ya gyara murya, ya kau da kai. "Ka ce ma manyanka su sa rana. Ke kuma Saffana, daina kuka, ba shi takarda."

Ta ɗauko naɗi guda cur. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yau ba meiyo?"

"Yau akwai. Amma ka wanke hannu kafin ranar."

Bayan wata biyu aka ɗaura auren, ranar Juma'a bayan an sauko. Ni na yi wa ango wakilci. Kanawa da Maraɗawa suka cika wurin, har wanda ya matsa masa a sahu ya zo yana neman hoto da shi. Takarda ɗaya ta tafi Ingila, ɗaya ta tafi Maraɗi, innar Alhaji ta aiko da albarka ta murya, tana kuka tana kiran sunan amarya. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su zuri'a masu taurin zuciya irin na uwarsu, ya sa kada su taɓa barin gaskiya don tsoron bakin mutane.

Wanda kuma yake ganin Shitu ya ƙara gishiri, kada ya tsaya yana gunaguni a bayan shago. Ina ofishin Alhaji Issa kullum bayan azahar. Ya zo in kai shi Liwan da kaina, in ba shi kaki, ya durƙusa awa ɗaya a kan dutsen nan. In ya iya miƙewa ba tare da na kama shi ba, sannan ya buɗe baki ya ƙaryata ni.