Ciyawar Lungun Baba Sabri

Ranar da Rudina ta haɗu da Besart, ƙafafunsa ta fara gani. Ya kwanta rub da ciki a kan gadar katakon da muke ɗaure jirage a ƙauyenmu Zogaj, kansa da hannuwansa cikin ruwan tafki, takalmansa suna kallon sama.

Ta matso da kwale-kwalen mahaifinta, ta zungure shi da filafili.

"Bawan Allah, in nutsewa za ka yi, matsa can gaba. Nan wurin jirginmu ne."

Ya ɗago kai ruwa na tsiyaya daga gashinsa, hannunsa riƙe da curin ciyawa. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ya ga fuskarta, maganar ta maƙale.

"Sunana Besart," ya ce da ƙyar. "Daga jami'a nake, can Shkodra. Ciyawar ƙarƙashin ruwa nake nazari."

"Wannan? Wannan mai yaga mana raga? Har da ita ake zuwa jami'a?"

Ta yi dariya har sai da jirgin ya girgiza. Shi kuwa tun daga wannan dariyar ya san ya shiga uku, kuma bai nemi mafita ba.

Yana neman mai kai shi cikin tafki, ita kuma malamar firamare ce, tana hutun bazara, ga jirgi. Baba Sabri, mahaifinta, ya ɗaga kafaɗa ya ce su je, mai tsintar ciyawa ba ya cutar da kowa.

Haka suka yi ta yi cikin bazarar. Ita tana tuƙi, shi yana jefa ƙugiya yana jawo ciyawa, yana shimfiɗa ta a farin faranti. Sunanta nayad, in ji shi, sunan 'yan matan ruwa na tatsuniya, don duk rayuwarta ba ta leƙowa sama, har furenta a ƙarƙashin ruwa yake.

"Dubi wannan babbar," ya ce, ya miƙa mata gilashin ƙara girma. "Ƙaya har a jikin kara da bayan ganye. Wannan ƙaramar kuma ganyenta ya lanƙwashe, kina taɓa ta sai ta karye. Ki duba gindin ganyen inda ya rungumi kara, kafaɗarsa a yanke take."

"To wacce ce ni a ciki, Malam Ciyawa?"

"Mai ƙayar."

Ta watsa masa ruwa. Da yamma yana cikin motar komawa birni saƙonsa ya shigo wayarta:

"'Yar Ruwa, yau na rubuta sunan ciyawa ɗaya sau biyu, duk laifinki ne. Gobe ki rage murmushi in samu in yi aiki."

Ta amsa: "Ban yi alkawari ba. Ka zo da hula, rana ta mai da hancinka tumatir."

Mu da muke zaune a bakin ruwa mun gane tun kafin su gane. Jirgin da ya tafi neman ciyawa ba ya dawowa da mutum biyu suna sunkuyar da kai.

Matsalar ta ɓullo ne daga lungun Baba Sabri, wani ɗan kwanar ruwa bayan duwatsu inda kakansa ya kama kifi, mahaifinsa ya kama, shi ma da shi ya ciyar da gida. A can Besart ya jawo wata ciyawa siririya, mai laushi kamar gashin jariri, ba ta karyewa. Haƙoran ganyenta ido ba ya ganinsu, kafaɗar gindin ganyen kuma a gangare take. Rudina ta ga ya ƙura wa ciyawar ido, ya ƙi ajiye ta.

"Lafiya?"

"In ita ce wadda nake zato, ba a cika samunta ba. Amma ba zan rantse ba sai irinta ya ƙosa, ƙarshen bazara."

Ƙa'idar aikinsa ce ya sanar da hukumar tafki, ya sanar. Hukuma ta ce in ta tabbata, za a kewaye lungun da alama, a hana jefa raga.

Gezim ne ya kai labarin. Mai gidan cin abinci ne a bakin ruwa, ya daɗe yana aiko wa gidansu Rudina da alawa ba tare da an ce masa ya ƙaro ba. Ya zauna kusa da Baba Sabri yana girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Baba, da jirginku aka je, 'yarku ta tuƙa, aka sayar da lungunku. Ni dai ban ce komai ba."

Washegari Baba Sabri ya tare Besart a kan gadar. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba da tsoro ke nan.

"Yaro, na san abin da ke kawo ka garin nan bayan ciyawa. Ka koma ka ce musu ka yi kuskure, ba ita ba ce. Ka turo manyanka, in ba ka Rudina."

Besart ya dubi ruwan, ya dubi tsohon.

"Baba, ku yi haƙuri. Ina son Rudina fiye da yadda zan iya faɗa a gabanku. Amma ban san ko ita ce ba, ban san ko ba ita ba ce. Abin da iri ya nuna shi zan faɗa."

"To ka auri irin."

Saƙon Rudina ya same shi kafin ya kai bakin titi:

"An ba ka zaɓi tsakanina da ciyawa, ka tsaya tunani. Na gode. Kada ka ƙara kirana 'Yar Ruwa."

Ya rubuta: "Ban zaɓe ta a kanki ba, zuciyata. Na ƙi in shigo gidanku da ƙarya a baki ne."

Ba ta amsa ba. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta karanta saƙon har ta haddace shi. Abin da ya fi cin ranta shi ne, a can ƙasan zuciyarta ta san da ya yarda da tayin, da ya ragu a idonta. Gezim kuwa ya ƙara yawan alawa, Lirije, mahaifiyar Rudina, tana raba wa maƙwabta.

Da zafi ya fara raguwa, saƙo ya sake shigowa:

"Iri ya ƙosa. Ba na son in gani ni kaɗai. Ko me ya fito, ina son idonki ya shaida."

Ta zo da jirgin, fuska a ɗaure. Suka isa lungun. Ya jawo ciyawar, ya ɓare ƙwaya ɗaya da farce, ya ɗora a tafin hannunta.

"Irin ƙaramar nan mai karyewa yana da zane layi-layi kamar tsani. In kin ga wannan sumul yana sheƙi, to ita ce."

Ta kara gilashin a ido. Sumul yake, yana sheƙi. Hawaye ya ɗiga kusa da shi.

"Shi ke nan lungun Baba ya tafi," ta ce. "Mu ma mun tafi."

Besart bai iya kallonta ba. Ya sa tabarau na ninƙaya ya faɗa ruwa, wai zai auna faɗin inda ciyawar ta kai, amma gaskiya fuskarsa yake ɓoyewa. Ya daɗe. Da ya ɓullo, ya kama bakin jirgi yana haki.

"Rudina, a jere take! Layi-layi, kamar an shuka ta. Tsakanin layukan duk manyan ciyayi ne sun cushe, ba ta ko ɗaya. Me ke bi ta nan?"

Ta share ido. "Daga dutsen can zuwa bishiyar can? Ai sarƙar Baba ce. Duk farkon shekara kafin ruwa ya ɗumama yakan ja tsohuwar sarƙa a ƙasa, ya share wa raga hanya. Haka kakanmu yake yi."

Besart ya yi wani ihu da ya tashi agwagin lungun gaba ɗaya.

"Duk shekara mutuwa take yi, daga iri take sake fitowa! Sai ta samu fili da haske. In aka hana Baba jan sarƙa, manyan ciyayin za su shaƙe ta. Shi ke raya ta, 'Yar Ruwa!"

Wannan karon ba ta hana shi sunan ba. Ta kama kunnensa ta ja shi cikin jirgi tana dariya tana kuka.

Mutanen hukuma suka zo, suka leƙa ruwan da kansu, suka yi ta muhawara. A ƙarshe aka kafa alama a lungun, amma jirage masu inji ta hana. Raga da sarƙar Baba Sabri, aka ce, kada a kuskura a daina. Tsohon ya yi ta yawo a gari yana tambayar mutane ko sun san hukuma ce yanzu take roƙonsa ya yi aikin ubansa.

Manyan Besart suka zo neman aure ran wata Lahadi. Lirije ta kawo kofi. A wurinmu uban yarinya ba ya taɓa kofinsa sai ya ba da magana, don haka kowa ya zuba wa ɗan kofin ido, yana hucewa. Rudina na bayan ƙofa, ta danne bakinta da gyale.

Baba Sabri ya dubi Besart.

"Ranar nan a kan gada, da ka karɓi tayina, da na cika alkawari na ba ka ita. Amma da har in mutu ban yarda da kalma ɗaya daga bakinka ba."

Ya ɗauki kofin ya kurɓa. Guɗa ta ɓarke daga ɗakin girki.

An yi bikin kafin sanyi ya shigo, aka gasa kifin lungun har maƙwabtan ƙauyuka suka ji ƙamshi. Gezim ya ba da aron kujeru, mun yaba masa. Da za a tafi da amarya, Baba Sabri ya haɗa hannuwansu biyu cikin nasa.

"Ɗana, ga ta nan. Allah ya ba ku magada, ya sa ku tsufa tare. Yadda ka ƙi yi mini ƙarya, kada ka taɓa yi mata."

Muka ce amin, har da masu kuka.