Wayar Eriya a Cikin Kwalba

Ranar Lahadi da hantsi Eladio ya buɗe ɗakin ƙungiyar masu rediyo ta garin Miches, ya tarar da tebur wayam. An ɗauke babbar na'urar da suke magana da masunta da ita. Ga guguwa tafe kafin la'asar, ga ɗansa Wilfrido can tsakiyar teku bai san abin da ake ciki ba. Ƙananan oba-obansu ba sa kaiwa can.

'Yan ƙungiya suka taru, kofi ya huce ba wanda ya taɓa. Eladio ya finciko Chepe ɗan gwangwan daga bakin titi.

"Ina rediyonmu?"

"Haba maigida! Da ni ne, ai har wayar eriyar zan kwashe. Jan ƙarfe ne fa."

Gaskiyarsa. Ga wayar nan ba a yanke ta ba, kwance ta aka yi a tsanake. Eladio ya juya kan Fermina mai riƙe da makulli.

"Wa kika ba?"

"Tambayi kanka. Ba kai ka ce a riƙa ɓoye shi ƙarƙashin tukunyar fure ba? Duk ɗan ƙungiya ya sani."

Iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Eladio ya durƙusa ya bi wayar eriya da hannu har bayan tebur. Bakinta na cikin kwalbar gilashi. Ya fita ya haye babur.

Ya sami tsoho Nicanor a gidansa na kan tudu, na'urar a gabansa tana ta shuu, idanunsa jawur.

"Wa ya gaya maka?" in ji Nicanor.

"Kai ne, Baba. Ɓarawo yanke waya yake yi. Ɗan ƙungiya kwancewa yake yi. Amma mai tura bakinta a kwalba don tsoron tsawa, kai kaɗai ne a garin nan. Shekara nawa muna maka dariya? Hannunka ne ya yi, kai ba ka ma sani ba."

Nicanor ya sunkuyar da kai. 'Yarsa ce ta shiga shuɗin kwale-kwalen masu tsallakawa Puerto Rico a ɓoye, tun shekaranjiya shiru. Ya ji tsoron ya yi cigiyarta a gaban mutane, maganar ta kai ga hukuma.

"Matsa!" Eladio ya fizge abin magana. "Wilfrido! Wilfrido, babanka ne!"

Shuu. Ya sake kira har muryarsa ta dushe. Can sai ga murya ƙasa-ƙasa.

"Baba? Lafiya?"

"Yanke ragar ka juyo gida. Yanzu!"

Nicanor ya damƙe masa hannu.

"Tambaye shi ko ya ga shuɗin kwale-kwale."

Eladio ya dubi baƙin hadarin da ya rufe gabas. Ya san ɗansa. In ya ji, nema zai tsaya yi. Ya kashe na'urar.