Mai Kututturen Kapulin

Rana ta kusa faɗuwa Casilda ta hau tudu koro tumakinta, tana tafe tana mita. Da safe mijinta Nemesio ya sare tsohon itacen kapulin na bakin shinge, wai yana yi wa masara inuwa.

"Ka dai kwashe rassan?" ta tambaye shi da ya dawo.

"Sai gobe. Rassa ƙafa gare su da za su gudu?"

Ji wani zance! Kowa a ƙauyen nan ya san ganyen kapulin in ya yi yaushi guba ne, dabba kuwa a lokacin ta fi son sa. Tumakin nan su ne cinta, su ne suturarta, da ulunsu take saƙa.

Tun daga nesa warin ya tare ta, mai ɗaci, irin na ƙwallon 'ya'yan itacen in an fasa. Ba kukan tunkiya ko ɗaya. Sai ƙarar tauna.

Wata tsohuwa na zaune a kan kututturen. Fatarta baƙa, ta tsattsage ɓawo-ɓawo. Farin gashinta ya zubo kamar furen itacen. Tana tsinkar ganye tana ba tumakin a baki.

"Iya," Casilda ta ce a hankali, "don Allah ki bari. Mutuwa za su yi."

"Ni ma da safe na ce a bari."

Casilda ta yunƙura, ƙafa ta ƙi. Tana ji tana gani babbar tunkiyarta ta durƙusa tana haki, dasashinta jawur. Wata ta bi ta. Wata ma.

Tsohuwa ta miƙo mata ganye.

"Ungo, 'yata."

Wayyo, hannun Casilda ya ɗagu da kansa. Ga iska ko'ina, ta ja, ba ta shiga.

"Ba ni na sare ba," ta ce da ƙyar.

Tsohuwa ta dube ta, ta janye hannu.

"Wa ya sare?"

Casilda ta faɗi sunan mijinta.

Da rarrafe ta gangaro gida.

Washegari Nemesio ya hau kwashe rassan da gawar tumaki. Ya dawo, ya zauna a bakin ƙofa. Casilda ta kawo masa wainar masara da wake, ya ture kwanon, ya ce ya ƙoshi.

Leɓensa jawur. Yana tauna.