Fitilar Birki a Hanyar Kaboji

A shekarar 1996 masu taɓa motocin Beljiyam a Kontagora ba su da yawa, Jinaidu mai rewaya, wato gyaran wutar mota, yana cikinsu. Wata baƙar mota aka kawo masa, lafiyarta lau, sai wata fitila ruwan ɗorawa mai rubutun ABS da ta ƙi mutuwa. Ya duba fis, ya duba man birki. Ya kwance tayoyin gaba, ya goge ɗan ƙarfen nan mai waya da ke sanar da mota gudun kowace taya. Fitila tana nan. Saura na baya.

Bayan la'asar wani mai babur ya kawo masa saƙo: maciji ya sari matarsa Ruka a gonar iyayenta a Kaboji.

Bai nemi izinin mai mota ba, ya ja motar ya nufi Kaboji. Ya tarar ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini na fita daga dasashinta. Aka kwantar da ita a kujerar baya, mahaifinta ya ce su yi gaba zuwa asibiti, zai nemi mota ya biyo su.

Rana ta kusa faɗuwa suka shiga dajin da ke tsakani. Fitilar ta fara ƙiftawa. Sai birki ya motsa da kansa a ƙarƙashin ƙafarsa, dum, dum, kamar ana turo shi daga ƙasa. Tayar baya ta hagu ta cije. Motar ta ja gefe ta tsaya, ƙaurin roba ya cika ta.

"Baban Raliya," in ji Ruka da ƙyar, "ba na ganin komai sosai."

"Yanzu, Ruka. Waya ɗaya zan cire."

Ya ɗauki tocila ya kwanta a ƙarƙashin motar. Babu kukan tsuntsu. Babu ko gyare. Injin kawai ke ƙas-ƙas yana hucewa.

Ya laluba bayan tayar. Maimakon waya, ya ji gashi. Kitso ne, dogo, jiƙe, ya nannaɗe ƙarfen tam. Yana warin lalle da ruwan tsohuwar rijiya.

Ya ja. Aka ja daga can ciki.

A samansa motar ta sunkuya, kamar wani ya shiga ya zauna. Bai ji an buɗe ƙofa ba.

"Sannu da zuwa," ya ji Ruka ta faɗa.

"Ruka! Da wa kike magana?"



Sai aka yi raɗa dab da kunnensa, numfashin da sanyi.

"Bar min ita. Ta riga ta gaji."

Bakinsa ya kama Ayatul Kursiyyu, tana tsinkewa, yana sake ɗauka. Hawaye na gangara masa cikin kunne. Ya zaro filaya daga aljihu.

Kitson ya zagayo wuyan hannunsa na dama.

Ya datse kitson.

Ƙarar da ta tashi ba daga daji ta fito ba. Daga cikin tayar ta fito.

Ya mirgino waje, ya faɗa mazaunin direba, bai kalli madubi ba. Tayar ta saki. Fitilar ta mutu. Ya taka totur, hannun damansa na lilo kamar ba nasa ba, ya riƙe sitiyari da hagu har fitilun gari suka bayyana.

Ruka ta rayu. Likita ya ce da sun ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai gawa. Hannun Jinaidu bai ƙara iya riƙe sifana ba, ya koma sayar da batir a bakin tasha. Mai mota ya zo ya ɗauki abarsa, ya yaba gyara.

Ranar da aka sallame ta, suna fita ƙofar asibiti, Ruka ta tsaya tana waige-waige.

"Ina matar nan? Ban yi mata godiya ba."

"Wace mata?"

"Wadda ka ɗauka a daji mana. Ita ta riƙe min ƙafa har muka iso. Kullum da magariba tana zuwa ta zauna a bakin gadona. Jiya ma ta tambaye ni hanyar gidanmu."

Jinaidu ya juyo gare ta.

"Kin gaya mata?"

Ruka ta dube shi da mamaki.

"Me zai hana?"