Suyar Kifi a Jirgin Rakiya

Jirginmu ƙarami ne, aikinsa rakiyar jiragen kaya daga tashar ruwan Recife lokacin yaƙin duniya. Ranar da Jamusawa suka nutsar da ɗaya, mutanensa na cikin ruwa suna ihu, kyaftin ya ce a saki bama-bamai, wai jirgin maharan mai nutso na ƙarƙashinsu. Ihun ya ɗauke, matattun kifaye suka taso birjik. Ni ne kuku, na kwasa na soya.

Da magariba wani ya miƙo kwano, hannun rigarsa na ɗiga.

"Deoclécio, ɗan banza, da kaya ka yi wanka?" na ce.

Na ɗago. Deoclécio, abokin aikina, na can ƙarshen layi, a bushe.

"Ɗaga murya, ɗan'uwa, kun fasa min kunne!" mutumin ya kwatsa. "Cika min kwanon. Ni da kifin nan tare muka taso."