Tukunyar Aksil ɗin Umm Awwad

Insifekta Mifleh ya tarar da Umm Awwad a tsaye kan motar ɗaukar ruwanta, a ƙauyen Rum da ke cikin hamada. An ɗaga bayan motar a kan duwatsu, ɓarawo ya zare tukunyar aksil, wato gidan da haƙoran giya ke zama, an bar rami baƙi ƙirin.

"Awakina na can cikin yashi, ɗana," in ji ta. "Ruwansu ba zai kai jibi ba. In motar nan ba ta tashi ba, sun mutu."

Tausayinta ya kama shi. Bazawara ce, kuma awakin nan su ne komai nata.

Ya fara da Abu Hilal bakanike.

"Wallahi ban ma san cikin motar ba, yallaɓai."

"Haba, Abu Hilal! Wa ya sa mata manyan tayoyin nan, raƙumi?"

Ya sosa ƙeya. "To, ni ne. Marigayi mijinta ya sa na canza haƙoran gaba da na baya, masu jan nauyi. Ba sa zama a tukunyar asali, shi ya sa na canza har tukunyar."

"Wa ya zo neman tukunya kwanan nan?"

"Dahham. Tasa ta fashe. Na ɓoye ne don ɗan ƙanwata ne."

Dahham direban baƙi masu yawon buɗe ido ne, mai cika baki, wanda ba tudun yashin da bai hau ba. Da Mifleh ya isa, sai ga motar Dahham a ƙofar gida, tana lafiya lau.

"Daga garin Aƙaba na sayo sabuwar tukunya," in ji shi, yana zuba wa Insifekta shayi.

"Madalla. Amma an ce tun shekaranjiya ba ka hau tudu ba. Ko tsufa ne?"

"Ni? Allah ya kiyaye!"

"To ga ni baƙonka, na sha shayinka. Kai ni yawo."

A nan ba a hana baƙo abin da ya roƙa. Dahham ya tayar da mota. Da suka hau busasshiyar ƙasa mai tauri, Mifleh ya ce, "Sa mata giyar ƙafa huɗu, duk tayoyin su ja."

"A nan? Ai babu buƙata."

"Sa dai."

Ya sa. Ai kuwa motar ta hau tirjiya kamar jaki, tayoyi na kuka, gaba na ja da sauri, baya na noƙewa. Sai ta cije.

"Haƙoran bayan motarka ba su dace da na gabanta ba," in ji Mifleh. "Abokan tafiyarsu na gaban motar Umm Awwad."

Dahham ya kifa kai a sitiyari. "Ni ne. Lokacin baƙi ya zo, ba ni da mota. Na ɗauka duk tukunya ɗaya ce."

Mifleh ya fito da ankwa, sai ya dakata. "Ka iya kwancewa, ai ka iya ɗaurawa. Mu je."

Kafin la'asar Dahham da kawunsa Abu Hilal sun mayar da tukunyar. Motar ta tashi, tankinta cike. Umm Awwad ta leƙo ta taga, ta dubi Dahham ana sa masa ankwa.

"In ka fito ka zo," in ji ta. "Ina neman direba. Ka dai san cikin motar yanzu."