Igiyar Sarkin Yaƙi

A shekara ta goma sha tara ta sarautar tsohon Sarki, damina ta yi nauyi har ta zubar da katangu da yawa a birni. Ciwo ya kwantar da Sarki, kowa a fada ya san ba zai ga wata daminar ba. Mutum biyu ke hangen gadon: ɗansa Yarima, da ƙanen Sarkin. Waziri yana bayan ƙanen. Sarkin Yaƙi kuwa yana bayan ɗan, kuma muddin yana tsaye ba mai iya taɓa Yarima, domin barade dubu biyu maganarsa suke ji.

Sarkin Yaƙin nan dogo ne, mai tabon mashi a kafaɗa, ba ya yawan magana. Gari goma sha ɗaya ya ci wa Sarki. In ya ratsa kasuwa, har masu faɗa a kan ciniki sai su yi tsit. Matarsa ɗaya ce, 'yar wani maƙeri, wadda ya aura tun yana ƙaramin barde. Ita kaɗai ta san abin da ke faruwa bayan ƙofar ɗakinsa na ciki.

Abin ya samo asali ne bayan wani yaƙi da aka ƙone gari da mutanensa a ciki. Ya dawo ya yi kwana uku bai sa komai a bakinsa ba. Ran na huɗu da hantsi ya kira ta, ya sa sakata, ya tuɓe rawaninsa, ya zauna a ƙasa. Sai ya ajiye igiyar ɗaure akuya a gabanta.

"Ɗaura mini wannan a wuya," ya ce. "Ki zage ni. Ki ce mini ni ba kowa ba ne."

Ta ɗauka ya zautu. "Maigida, wace irin magana ce wannan? Ni in zage ka? Allah ya kiyashe ni."

"Shekara ashirin kowa faɗuwa yake a gabana. In na kashe a yi mini kirari, in na ƙona a ba ni riga. Ba wanda ya taɓa dubana ya ce kai ƙazami ne. Nauyin nan zai karya ni. Amma in ba ki so, ki ce ba ki so, ba zan sake tayar da zancen ba."

Ran nan ba ta yarda ba. Ta kwana goma tana juya abin a ranta, tana ganin mijinta yana ramewa. Daga baya ta amince, amma da sharuɗɗanta: ba duka, ba jini, ba ambaton iyayensa, kuma duk wanda ya ce ya isa a cikinsu, to an gama.

Haka suka yi shekara goma sha ɗaya. Duk sa'ad da ya dawo daga fagen fama, sai ta hau kujerarsa ta zauna, shi kuwa ya durƙusa da igiya a wuya. Ya share ɗakin da rarrafe, ya wanke mata ƙafa, tana ce masa kare, tana ce masa mara amfani. Jikinsa ya yi ta ɓari har hawaye su zubo. Sannan ta kwance igiyar, ta goge masa fuska, ya ɗora kansa a cinyarta ya yi barcin da ba ya samu a ko'ina. Da fari faɗin kalmomin kan yi mata wuya. Daga baya ta gane ita ma tana jin daɗin abin, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. Matan fada suna raina ta don 'yar maƙera ce, ga shi mutumin da mazajensu ke tsoro ya miƙa mata kansa da hannunsa. Wata rana ma dariya ta ƙwace mata, ta ce, "Kai da ka ci gari goma sha ɗaya, ƙurar ɗaki ɗaya ta gagare ka?" Shi ma ya yi dariya, hawaye na zuba.

A daminar nan da Sarki ke kwance, soron ɗakin ya tsage, aka kira magini. Wata rana bayan ya tashi aiki, ya tuna ya bar kayansa a kan soro, ya koma ya hau. Ramin da bai gama toshewa ba ya nuna masa abin da ba a yi don idonsa ba. Kafin kwana uku magana ta kai kunnen Waziri, Waziri kuwa ya adana ta.

Sarki ya rasu ran Alhamis. Ran Asabar, kafin masu zaɓen sarki su zauna, dogarai suka zo suka tafi da 'yar maƙeri zuwa gidan Alƙali, aka ce ana tuhumarta da yi wa mijinta asiri. Tana zaune a wani ɗaki mai taga ɗaya sai ga Yarima ya shigo. Bai iya haɗa ido da ita ba.

"Inna," ya ce, "ki amsa kin yi. In asiri ne, babu laifinsa, barade za su tausaya masa su tsaya. In kuwa aka ce da sonsa ne, ya ƙare, ni ma na ƙare."

"Ranka ya daɗe, me ake yi wa wadda ta amsa?"

Ya kau da kai. Ta san rijiyar da ke bayan ganuwa, inda ake jefa waɗanda aka kama da asiri.

"To," ta ce. "Na ji."

Washegari fada ta cika. Magini ya ba da shaida yana rawar murya. Alƙali ya dube ta ya tambaya, ta ce, "Allah ya gafarta malam, ni na yi. Na sa masa magani a ruwan sha, bai san abin da yake yi ba."

Yarima ya sauke numfashi. Amma sai ta ji motsin takobi, ta waiwaya, ta ga mijinta ya miƙe.

"Ƙarya take yi don ta cece ni," ya ce. "Ba ta taɓa ba ni komai ba sai ruwa. Ni na kawo igiyar, ni na roƙe ta, da hankalina. Ta ƙi, na jira har ta yarda. Matata ce, ɗakina ne, ba wanda muka cuta."

Sai wani ya tuntsire da dariya daga baya, wajen da baradensa ke tsaye. Wannan ne ya soke ta fiye da komai, don ta san muryar: mutumin da mijinta ya taɓa goyowa a baya daga bakin daga. Dariyar ta bazu kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

Waziri ya bari ta lafa, sannan ya ce a hankali, "Masu zaɓe, kun ji. Wanda mace ke ja da igiya, shi zai zaɓa mana sarki?"

Kafin la'asar an naɗa ƙanen Sarki. Yarima ya gudu ta ƙofar yamma, aka cim masa a bakin kogi. Sabon Sarki ya yi umarni a tuɓe wa Sarkin Yaƙi rawani, a sa masa igiya, matarsa ta ja shi ta tsakiyar kasuwa. Dogari ya miƙa mata bakin igiyar, ta haɗe hannuwanta a baya.

"Riƙe mana! Ai kin saba."

"Bai roƙe ni ba," ta ce.

Aka zuba mata bulala har ta faɗi, ba ta riƙe ba. Dole dogarin ya ja da kansa. Ta bi su a baya tana ɗingishi, mutane na jifa da ɓawo da kashin jaki. Da ta hango fuskar mijinta sai ta ga ta bushe kamar dutse, babu ɓari, babu hawaye. A nan ta tabbata abin da suke yi masa ba shi da dangi da abin da ke tsakaninsu.

Ba a kashe mijin nata a birni ba. Da rani ya yi, maƙwabta suka ji birnin ba shi da Sarkin Yaƙi, suka ɗauro yaƙi. Aka ba shi tsofaffi talatin marasa dawakai, aka tura shi tsaron mashigin kogi. An ce ya riƙe mashigin daga fitowar rana har azahar. Ko gawarsa ba a kawo mata ba. Abokan gaba suka kewaye birnin wata bakwai, har aka ci dawakan barade saboda yunwa. Da ganuwa ta faɗi, aka yanka sabon Sarki da Waziri a ƙofar fada rana ɗaya.

Ita kuwa ta koma maƙerar wanta, tana zuga masa wuta har ta tsufa, ba ta ƙara aure ba. Maroƙan fada sun bar ta a waƙoƙinsu a matsayin mayyar da ta rushe birni. Tsofaffin matan unguwar maƙera ne suka riƙe labarin yadda na ba ku shi.

Na daɗe ina tunanin mutanen nan. Shekara talatin suna yi wa mutum kirari don ya ƙone garuruwa da mata da yara a ciki, ba wanda ya ga abin kunya. Rana ɗaya suka ji ya durƙusa gaban matarsa da yardarsa da tata, sai suka ga bai cancanci ya tsare su ba. Suka zaɓi dariyar yini guda, suka biya da birninsu. Mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so, amma wannan karon mutane ne suka jefar da shi da hannunsu.